Gangar Bindigar Asbury Quarles

Duk wanda ya zauna a Pruett Gap ya san hular Delmer Quarles. Ba don kyanta ba, hular ta sha rana ta sha ruwa tun yana raba wasiƙu gida-gida. An san ta ne saboda ɗan katin da ya soke da fil a goshinta, an rubuta da baƙin tawada: INA NEMAN GANGA MAI LAMBA 7306. Da ita yake zuwa kanti, da ita yake zuwa aski, coci ma sai ya kai bakin ƙofa yake cire ta. Matarsa Ozella, Allah ya ji ƙanta, ta sha cewa da ita ce ta ɓata ba za ta sami kati a hula ba, iyakaci ya tambayi maƙwabta sau ɗaya ya koma gida ya ci abincinsa.

Delmer tsofaffin libarba na sojoji yake tarawa, irin na zamanin yaƙin basasar ƙasarsu, sama da shekara ɗari da suka wuce, waɗanda ake ɗura wa albarushi da dalma ta gaba, a kafa 'yar hular jan ƙarfe ta baya, guduma ta faɗo mata wuta ta tashi. Goma sha ɗaya gare shi a kabad mai gilashi. Goma saye ya yi. Ta goma sha ɗaya kuwa gado ce, ta kakan babansa, Asbury Quarles, sojan doki. Ita ce hasken idonsa, ita ce kuma ciwon da ke cin ransa.

Masu wannan sha'awa, in ba ku sani ba, lamba suke bauta wa. Kowace bindiga maƙera sun buga mata lamba ɗaya a bututu, a jiki, a ƙota, da kuma ganga, wato kurtun ƙarfen nan mai ramuka shida da ke juyawa. In lambobin sun zo ɗaya, sai ka ga dattawa masu furfura suna cire tabarau suna share ido. In ɗaya ta saɓa, sai su ce "Allah sarki," su wuce tebur na gaba. To bindigar Asbury ko'ina 7306 ne, ban da gangar. Ita 2951 ce, baƙuwa.

Kuma an san yadda aka yi, don Asbury da kansa ya rubuta wa matarsa daga sansani a bakin kogi, wasiƙar tana nan cikin leda. Ya ce sun zuba gangunansu duka a tukunya ɗaya ta ruwan zafi don su wanke baƙin albarushi, sai aka busa ƙaho, kowa ya tsoma hannu ya cafko wadda ya samu. "Tawa na yi mata harafin A da tsinin wuƙa a gindi," in ji shi. "Wani yana can yana yawo da ita."

Shekara talatin da ɗaya Delmer yana neman gangar nan. Ba shi kaɗai ba, da amininsa Hoyt Bascom.

Hoyt shi ne shugaban ƙungiyarsu ta masu tara bindigogi, mai kantin kayan gini ne da ya huta, ga tumbi ga murya. Bindigoginsa sun haura arba'in, duk lambobinsu daidai, amma babu wadda aka san wanda ya riƙe ta ko inda ta je. Shi ya kafa musu doka tun farko: kowane ɗan ƙungiya ya rubuta abin da yake nema, kowa ya sa lambar ɗan'uwansa a aljihu, in ka ga kayan wani a baje koli, ka ƙwala masa kira kafin ma ka tambayi farashi. Shi ke tuƙa mota duk inda ake baje kolin tsofaffin bindigogi, Delmer na gefe da taswira a cinya. Suna isa, mutane na kallon kayan ado, su kuma su durƙusa gaban akwatunan tarkace suna juya ganguna ɗaya bayan ɗaya kamar masu zaɓen dankali.

"Yau za mu same ta, tsoho," haka Hoyt yake cewa kullum in ya tayar da mota.

"Ka faɗi haka bara."

"Bara ban ci karin kumallo ba. Yau na ci."

Saboda amincin nan ne ma Delmer ya je wurin lauya tun a 1977 ya rubuta a wasiyya cewa in ya rasu bindigar Asbury da wasiƙar na Hoyt ne. Shawarar Hoyt ce. 'Yar Delmer, Nelda, tana can Ohio, ba ta ko son ganin bindiga, Hoyt ya ce masa, "Yarinyar nan za ta baje ta a ƙofar gida tare da tsofaffin tukwane. Bar ta a hannun wanda ya san darajarta." Delmer ya ga gaskiya ne, har ya yi masa godiya.

A kakar 1995 Hoyt ya hau tsani zai kwashe ganye daga indararo, shi da tumbinsa da shekara saba'in da biyu. Tsanin ya ƙi yarda. Hoyt ya faɗo ya karye a ƙugu, aka kwantar da shi asibiti.

Ranar Alhamis da hantsi Delmer ya je gidan don ya ɗauki Verlie, matar Hoyt, ya kai ta dubiya. Ya same ta da ɗankwali a ka, tagogi duk a buɗe, kwalaye jibge a baranda.

"Uwargida, ƙaura za ki yi kafin ya dawo?"

"Da na samu dama! Shara nake. Shekara arba'in da shida mutumin nan ba ya bari in taɓa ɗakinsa. Yanzu ga shi can an ɗaure shi da ƙarfe, ya taso ya hana ni mana. Zauna ka ci wake, ka rame kamar sandar shanya."

Ta zubo masa wake da burodin masara da yankakkiyar albasa, ta zauna tana ba shi labarin matar fasto da sabon gashinta wanda duk gari ya san na kanti ne. Da ya gama ya ture kwano, ta miƙa hannu kan taga ta ɗauko wani abu ta dangwarar masa a gaba.

"Ga tsinken sakace. Ka ga dabarata? Rami shida, kowane rami ya ci tsinke goma."

Ganga ce. Launinta ya koma na busasshen ganyen taba, irin launin da shekara ɗari da talatin kaɗai ke bayarwa.

Delmer ya yi dariya. "Verlie, in mijinki ya ga haka ɗaya ƙugun ma zai karye. A ina kika samo ta?"

"Cikin safa, cikin takalmin da ya sa ranar aurenmu, can ƙuryar kabad ɗin kaya. Ka ji wurin ajiya don Allah! Ai gobe zan sa mata soson ƙarfe in goge tsatsar nan ta yi ƙyalli."

"Kar ki kuskura!" Har ya ɗan miƙe daga kujera. "Soso ɗaya kin kashe ta. Wannan ba tsatsa ba ce, shekaru ne."

"To, ni dai datti nake gani."

Hannunsa ne ya yi aikin da ya saba, ba tare da ya sa shi ba. Ya zazzage tsinkayen a tebur, ya ciro gilashin ƙara girma daga aljihun riga, ya juya gangar wajen hasken taga. Dubu nawa ya juya haka a rayuwarsa? Bakwai. Uku. Ya goge gilashin da gefen riga. Sifili. Shida.

Ya kifa ta. A gindi, tsakanin ƙusoshin da ake kafa hular jan ƙarfe, ga harafin A, karkatacce, aikin wuƙa.

"Delmer? Waken ne? Na faɗa wa mai kantin nan tsohon wake ya ba ni."

Murna ce ta fara zuwa, kar a yi masa ƙarya. Ta taso masa tun daga gwiwa. Ya ce a ransa Hoyt ya samo ta ne kwanan nan, yana ɓoyo sai ranar haihuwarsa a watan gobe, ja'irin tsoho. Har ya buɗe baki zai faɗi haka.

"Au, har da 'yar takarda a ɗaure da ita," in ji Verlie. "Na tsinke ta don tana shiga cikin tsinke. Ina na jefa ta ma? Yauwa, ga ta ƙarƙashin gwangwanin sukari."

Mutanen nan ba sa iya sayen ko ƙusa ba su ɗaura mata takarda ba. Inda aka saya, ranar da aka saya. Ko ɓarawon cikinsu sai ya rubuta. Rubutun Hoyt ne, manyan haruffan nan nasa na mai kanti: Baje kolin Knoxville, Maris 1976. Ta D.Q.

Delmer ya tuna ranar, don ranar ce ya ci naman gwangwani a hanya cikinsa ya murɗe. Saura layi ɗaya na akwatuna ba su duba ba, Hoyt ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Je ka kwanta a mota, ni zan ƙarasa maka." Ya dawo bayan rabin awa yana karkaɗe hannu. "Tarkace ne kawai, tsoho. Sai wani karon." Har ya tsaya a hanya ya saya masa maganin ciki.

Maris 1976. Lauya kuwa 1977.

"Uwargida," in ji shi, "ba zan iya kai ki yanzu ba. Sai da la'asar."

Verlie ba ta yi makaranta mai nisa ba, amma ta iya karatu. Ta dubi takardar, ta dubi katin da ke goshin hular da ya ajiye kan kujera, ta sake duban gangar. Ta zauna a hankali.

"Ubangiji. Shekara goma sha tara ina yi muku guzurin hanya." Ta tura masa gangar da yatsa biyu. "Ɗauki abinka. A gidana na tsinta, ni na ba ka. Tsinke ya koma kofi."

A gida ya shimfiɗa koren ƙyalle a teburin cin abinci, ya wanke hannu, ya ɗauko bindigar. Ya ƙwanƙwasa 'yar sakatar da ke riƙe bututun da guntun itace, ya zare bututun, ya zare baƙuwar ganga, ya zura ta Asbury. Ta shige sumul, kamar jiya ta fita. Ya mayar da bututu. A ƙa'idarsu ba a yawan ɗana tsohuwar bindiga, tana barin zane a ƙarfe, amma ya ja gudumar sau ɗaya. Gangar ta juya ta tsaya ƙas.

Shekara talatin da ɗaya yana jin wannan ƙarar a mafarki. Kuma a duk mafarkin, abin da ke biyo baya ɗaya ne. Kafin ya ankara ya tsinci kansa tsaye a jikin bango, kan tarho a hannu, yatsansa ya riga ya buga uku daga cikin lambobin gidan Hoyt.

Ya mayar da kan tarhon.

Da la'asar ya kai Verlie asibiti. Ita ta ce ƙafarta na ciwo, za ta zauna a benci a waje, amma bencin da ta zaɓa yana jikin ƙofar ɗakin, ƙofar kuma ba ta rufu sosai ba. Shi ya sa aka san abin da suka faɗa wa juna.

Hoyt na kwance an ɗaga masa kai, yana faɗa da kofin lemo. "Ga tsohon ɗan aike! Me ka kawo mini? Abincin nan nasu ko kare ba zai shinshina ba. Ka ga watan gobe akwai baje koli a Chattanooga, kai za ka tuƙa, Allah ya tsare mutanen hanya."

Delmer bai zauna ba. Ya ajiye 'yar takardar a kan bargo.

Hoyt ya dube ta. Bai taɓa ta ba. Jan fuskarsa ya sauka kamar an zare toshiyar baho.

"Matar nan," ya ce. "Na ce kar ta shiga ɗakina."

"Abin da za ka fara faɗa ke nan?"

"Zauna mana, tsoho."

"Na zauna. Shekara goma sha tara ina zaune a gefenka da taswira."

Hoyt ya juya kai wajen taga. "Da niyyar ba ka na saya. Allah ya sani. Ka ga ai har sunanka na rubuta. Na ce sai ranar haihuwarka in ba ka mamaki. Ranar ta zo, na ɗauko ta, na riƙe ta a hannu..." Ya juyo ya dube shi. "Arba'in da uku gare ni, Delmer. Ko ɗaya ba ta da suna. Kai ɗaya tak gare ka mai suna, da wasiƙa, da kaka. Da ta cika, wa zai ƙara tsayawa a teburina? Na ce bari a kai baɗi. Baɗi ta zo, ta ya zan ce maka tun bara take hannuna?"

"Sai ka kai ni wurin lauya."

"Wannan daban ne."

"Daban ne? Gangar na cikin takalminka, bindigar na cikin wasiyyata. Abu ɗaya ya rage ya haɗa su. Ni ne ban mutu da wuri ba."

"Kar ka faɗi haka!"

"Ranar da aka yi mini aikin zuciya kai ka kwana biyu a bakin gadona. Ozella har kuka ta yi, ta ce ba ta taɓa ganin aboki irinka ba. Yau tun rana nake tambayar kaina addu'ar da kake yi a kujerar nan."

Hoyt ya yunƙura zai tashi, ƙugu ya mayar da shi. Idonsa ya kawo ruwa, ko na ciwo ne ko na wani abu, Verlie ta ce ta tsagar ƙofa ba a bambancewa. "Ka warke nake roƙo, wawa kawai! Kai ba ka ga daɗin tafiyar ba? Da ka same ta tun a lokacin, da ka zauna a gida kana shafa ta. Wa zai raka ni? Duk garuruwan nan, duk dariyar nan, ba komai ba ne?"

"Na durƙusa gaban akwatuna har gwiwata ta lalace, kana tsaye a kaina kana cewa in duba waccan. Ozella ta roƙe ni mu je bakin teku sau ɗaya kafin ta kwanta. Na ce mata sai bayan baje kolin Nashville, don ka ce ka ji labarin wani mai akwati uku." Delmer ya ɗauki takardar ya ninke ta ya sa aljihu. "Kai ka kafa dokar, Hoyt. Lambata tana aljihunka."

"Har yanzu tana nan! Duba walat ɗina!"

"Na yarda."

Ya fito. Verlie tana bencin tana duban silin kamar mai ƙirga fitilu.

Delmer bai tona masa asiri a ƙungiya ba. Bai ma buƙata ba, tunda Verlie tana da tarho kuma tana zuwa gyaran gashi ranar Asabar. Shi dai ranar Litinin ya sa rigarsa ta zuwa coci ya je wurin lauya. Bindigar Asbury da wasiƙar, in ya rasu, za su tafi ɗakin tarihi na gunduma, a rufe su cikin gilashi da kwaɗo. Amma bai cire sunan Hoyt ba. Ya ce a rubuta an bar masa ganga ɗaya, mai lamba 2951. Da lauyan ya gama, Delmer ya ce ai ba sai an jira mutuwa ba, Hoyt ya jira da yawa.

Ya sa baƙuwar gangar cikin safa, ya ɗaura mata takarda yadda aka saba: Daga tukunyar sojoji, 1863. Mai ita yana wani wuri. Ya zare fil daga hularsa, ya juya bayan katin, ya rubuta INA NEMAN BINDIGA MAI LAMBA 2951, ya kai duka ya ajiye a barandar Verlie.

Da Hoyt ya dawo gida yana tura ƙarfen da yake dogarawa, ya tarar da katin a soke a goshin tasa hular. Verlie ce ta soke shi. Ta ce ranar da ya cire shi, ranar zai fara dafa wa kansa wake. Da shi yake fitowa baranda ya zauna, yana kallon hanya. Sau biyu ya aika wa Delmer wasiƙa. Delmer, wanda ya yi shekara talatin da biyar bai taɓa mayar da wasiƙar kowa ba sai da dalili, ya rubuta a bayan ambulan da kyakkyawan rubutunsa cewa a mayar wa mai ita.

Baje kolin Chattanooga a motar haya Delmer ya je, shi kaɗai. Ya shimfiɗa bindigar a koren ƙyalle da wasiƙar a gefe, dattawa suka yi layi suna cire tabarau suna share ido. Aka ba shi lambar yabo. Wani ya tambaye shi a ina ya samo gangar bayan duk shekarun nan, ya ce kusa da gida. Kafin azahar ya naɗe kayansa. Ya bi ta gaban akwatunan tarkace, ƙafarsa ta ɗan tsaya da kanta, sannan ya wuce.

Hular tana nan, yana sa ta. A goshinta akwai ɗan wuri mai kusurwa huɗu da rana ba ta taɓa ci ba, launinsa sabo fil. Da can kullum da safe sai ya buɗe kabad ya ɗauko bindigar ya duba ta kafin ya sha kofi. Nelda ta zo Kirsimeti ta ce a nuna mata abin da ake ta magana a kai, sai da suka yi rabin awa suna neman mabuɗin.